Babi na Bakwai: A Bakin Gaɓa Ake Tsira

Kudu da birnin Kano ne Kogin Kano da Kogin Challawa suke haɗuwa su zama ɗaya. Mutanen Wudil suna ce masa Kogin Wudil, masu zana taswira kuma Kogin Haɗeja suke rubutawa. Da ya wuce ƙarƙashin gadar Wudil sai ya miƙe arewa maso gabas, ya bi ta ƙasar Ajingi, ya faɗa Jigawa ta wajen Ringim, ya zarce Haɗeja har dausayin Nguru. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Ajingi mutum dubu 174 da ɗoriya, kuma da yawansu arzikin ruwan nan suke ci: wani noman rani yake yi a fadama, wani su, wani shanu yake kaiwa mashaya, wani yashi yake lodawa, wani kuma fito ne sana'arsa tun iyaye da kakanni.

Ga yara kuwa, kogin da kududdufan bayan gari su ne wurin shaƙatawa. Idan bazara ta kankama a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, babu mai iya tsare yaro ɗan shekara 10 a inuwa alhali yana jiyo ihun sa'o'insa a bakin ruwa. Da Sallah kuma samari kan yi karo-karo su ɗauki mota zuwa dam ɗin Tiga ko na Bagauda, a hau kwalekwale, a ɗauki hoto. Babu aibu a cikin ko ɗaya. Aibun yana cikin yadda muka saba da abin da kan biyo baya: a ce ruwa ya ci yaro, a yi jana'iza, a ce kwana ya ƙare, a watse. Kwana kam yakan ƙare, wannan babu ja. Amma duk wanda ya bi labaran nan ɗaya bayan ɗaya zai ga sun yi kama da juna ƙwarai. Lokacin ɗaya ne, wuraren iri ɗaya ne, kuskuren ma ɗaya ne. Kuma kusan kullum a tudu ake tafka shi, tun ƙafar kowa ba ta taɓa ruwa ba.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarshen 2024 ya ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum kusan dubu 300 a shekarar 2021, fiye da rabinsu ba su kai shekara 30 ba. Daga 2000 zuwa wannan shekarar, yawan mace-macen, idan aka auna shi da yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya, amma a nahiyarmu da kashi 3 kacal ya ragu. Waɗanda suka rage nasu ba ruwansu ne ya ƙafe ba. Halinsu a bakin ruwa suka sauya.

Ruwan yau ba shi ne na kakanni ba

Kafin shekarun 1970 kogin nan na damina ne. Ya cika ya batse a Agusta, ya ja da baya da kaka, da rani ya bar yashi da 'yan gurabe nan da can, waɗanda kowane yaron ƙauye ya san inda suke. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar Tiga, aka gama a 1974, kuma tana iya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. A 1992 aka kammala ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Tun daga nan ruwan da ke wucewa ta Wudil da Ajingi ba sama kaɗai yake jira ba, yana jiran hannun mai buɗe ƙofar dam. Mahayar da jiya ruwanta yake iya gwiwa, yau tana iya kaiwa ƙirji ba tare da ko ɗigon yayyafi ya sauka a garin ba. Wannan alheri ne ga mai noman rani, amma ya rushe lissafin da dattawa suka gada na cewa a wata kaza ana haye wuri kaza da ƙafa.

Sai haƙar yashi. Birnin Kano yana ta gini, tifofi suna ta jigila, kuma kowace tifa rami take bari a ƙasan kogi. Yaro yana tafe a ruwa iya cinya, taku ɗaya sai ya ji babu ƙasa. Ramin da babu shi bara yana nan bana, don haka har ɗan gari kan zama baƙo a kogin garinsu.

Haka kududdufai. Na da, da hannu aka haƙa su ana ɗiban ƙasar gini shekara da shekaru, bakinsu a kwance yake, mutum yana gangarawa a hankali. Na yanzu, waɗanda injin haƙa ya bari a gefen sababbin hanyoyi, bangonsu a tsaye yake, ga santsin laka, ga ruwan ja wur da ba a ganin ƙasansa. Ko babba ya zame ciki, abin kamawa sai ya gagare shi. Tafkunan dam kuma nasu haɗarin daban ne. Ƙasa ce ta noma da daji ruwa ya shanye, don haka a ƙarƙashi akwai kututture, da tsohon kwarin rafi mai zurfi, da tsummokaran koma da masunta suka bari. Ruwan sama-sama yana da ɗumi, na ƙasa da sanyi, kuma wanda ya yi tsalle ya faɗa cikin sanyin ba shiri numfashinsa kan sarƙe.

A watan Mayun 2018 ruwa ya ci wani ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil a kogin garin, lamarin da ya jawo zanga-zanga har aka rufe makarantar na wani lokaci. Ɗalibi, ɗan yawon Sallah, almajirin da aka kawo daga wani gari, duk matsalarsu ɗaya: sun ga saman ruwa, ba su san ƙasansa ba. Idan dattijon masunci ya ce kada a shiga wuri kaza don akwai mutanen ɓoye, ko ba ka yarda da dalilinsa ba, yarda da wurin da ya nuna. Sau da yawa nan ne gurbi yake, ko nan ruwa yake juyawa.

Bagwai, da waɗanda suka biyo baya

Ranar Talata 30 ga Nuwamba 2021, da yamma, wani jirgin fito ya taso daga Badau zai haye dam ɗin Watari zuwa Bagwai. Mutum wajen 50 ne a ciki, galibinsu ɗaliban Islamiyya, yara maza da mata, za su taron Maulidi. Hukumar kashe gobara ta jihar Kano ta ce jirgin na manya 12 ne. Bai kai gaci ba. Kashegari gawa 29 aka ƙirga, daga baya adadin ya ƙaru. Gwamnatin jiha ta dakatar da fito a wurin. Abin da ya ƙara wa mutane ciwo shi ne ba farau ba ne: a 2008 wannan ruwan ya ci 'yan biki gommai a irin wannan hayi.

Wata biyar bayan Bagwai, a Afrilun 2022, mutum 29, galibi yara, suka rasu a ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato a kan hanyar neman itace. A Mayun shekarar, cikin bukukuwan ƙaramar Sallah, kwalekwale ya kife a Mai'aduwa ta jihar Katsina da 'yan yawon Sallah, aƙalla 15 suka rasu, akasarinsu yara. A Afrilun 2023, da Sallah kuma, mutum 5 suka rasu a dam ɗin Kanwa na ƙaramar hukumar Madobi. A manyan ruwaye abin ya fi muni: Wara ta jihar Kebbi a Mayun 2021, Patigi ta jihar Kwara a Yunin 2023 inda 'yan biki fiye da 100 suka halaka cikin dare, da Gbajibo ta jihar Neja a Oktoban 2024, su ma 'yan Maulidi.

Jera su ka duba. Maulidi, biki, Sallah, cin kasuwa. Ranar taro ce, ranar da kowa yake son ya haye a lokaci guda, kuma sau da yawa da yamma ko da dare. Mata da yara ne suka fi yawa a ciki. Rigar kariya kuwa ba a maganarta.

Yadda jirgi yake kifewa

Je ka tsaya a bakin fito ranar kasuwa, bayan la'asar sakaliya. Jirgi ya ɗauki buhunan masara, da akuya biyu, da mutanen da suka zauna gwiwa na gugar gwiwa. Mai fito ya sa sanda zai tura, sai ga wata dattijuwa da ƙullin kaya a ka.

"Gwaggo, jirgi ya cika. Ki ɗan dakata, yanzu zan dawo."

"Haba ɗan nan, ni kaɗai ce zan nutsar da shi? Magariba ta kawo kai, ga jikoki can suna jira."

Aka matsa mata. Kafin ta zauna ga wani ya turo babur.

"Kai yaro, sa mini shi a tsakiya, zan ƙara maka wani abu."

"Alhaji, wallahi nauyi ya yi yawa."

"Allah ne mai kiyayewa. Kullum ba haka muke hayewa ba?"

Gaskiyarsa, kullum haka suke hayewa, kuma wannan ne tarkon. Mai fito ba jahilin ruwa ba ne, ya fi kowa sanin jirginsa. Amma gwaggon ƙawar mahaifiyarsa ce, Alhajin surukin yayansa ne, sawu na biyu kuma ƙarin mai ne ko ƙarin gumi. Kunya da lissafin kuɗi suka taru suka rinjayi sani.

Yanzu dubi gefen jirgin. Tazarar da ke tsakanin bakinsa da fuskar ruwa ita ce ran kowa da ke ciki. Jirgin da aka yi wa lodi daidai yana da sauran tsayi da zai karɓi igiyar ruwa, ya karkata ya dawo. Wanda aka danne har saura yatsu huɗu ba shi da wannan rara. Iska kaɗan ta isa, kuma a damina hadarin yamma da guguwa yake fara sallama tun kafin ruwa ya sauko. Da ruwa ya fara shiga, sai ya riƙa gudu a cikin jirgin yana komawa duk ɓangaren da ya karkata, kamar ruwa a faranti a hannun mai tafiya, yana ƙara wa karkatar nauyi. Sai wani ya tsorata ya miƙe tsaye. Tsayuwa tana ɗaga nauyin jirgi sama, haka ma babur ko tulin buhuna. Sauran suka zabura zuwa ɗaya gefen gaba ɗaya. Daga shigar ruwan farko zuwa kifewa, sau da yawa ba a cika minti guda.

Saboda haka dokokin cikin jirgi kaɗan ne, kuma ba a sassauta su. Kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya. Kowa a zaune har a daki gaɓa. A sami mai kwarfe ruwa da abin kwarfewa a hannunsa. In hadari ya haɗo a gabas, a jira. In kuma ƙaddara ta afku jirgi ya kife, kada a rabu da shi: jirgin katako galibi ba ya nutsewa ƙasa nan take, yana iya riƙe mutane da yawa in sun kama gefensa, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum ɗaya.

Nutsewa ba ta da kururuwa

Fim ya koya mana cewa wanda ruwa zai ci yana ihu yana ɗaga hannu. Ba haka abin yake ba. Wani mai aikin ceto a Amurka, Frank Pia, ya ɗauki hotunan masu nutsewa na gaske a bakin teku a birnin New York, ya nuna wa duniya yadda abin yake. Mutum yana tsaye ne a cikin ruwa, kansa a karkace baya, bakinsa yana fitowa yana komawa. Ɗan lokacin da bakin ya fito bai isa ya ja numfashi ba, balle ya yi kira. Hannuwansa suna dukan ruwa a gefe da gefe ba da saninsa ba, ba zai iya ɗaga su ya yafito kowa ba. Daƙiƙa 20 zuwa 60 yake yi a haka, sai ya ɓace. Yaro ya fi saurin tafiya.

Shi ya sa ake jin yara suna cewa, "Muna tare da shi, mun ɗauka wasa yake." Ba ƙarya suke yi ba. Yaran da ke wasa a ruwa suna da hayaniya, wanda ya yi shiru shi ne abin dubawa. In ka ga mutum a haka ka kira shi. In bai amsa ba, kada ka jira.

Wanda ya sami kansa a ruwan da ya fi ƙarfinsa, babban makaminsa shi ne ya daina kokawa. Ya kwanta rigingine, kunnuwa cikin ruwa, fuska sama, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya bar numfashi ya daidaita. Huhu mai iska yana ɗaga mutum. A kogi kuma ba a yin gaba da gaba da ruwa mai gudu. Ana bin sa ne a karkace, ana matsowa gaɓa kaɗan-kaɗan, ko da za a fita nesa da inda aka shiga. Iya ruwa fid da kai.

Ceto ba da faɗawa ba

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. To in wuyanka ya samu, shi zai kama, da ƙarfin da ba ka taɓa zaton yana da shi ba. Da yawa daga cikin gawarwakin da ake fitarwa biyu-biyu daga kududdufi, na biyun wa ne ko aboki da ya faɗa don ya taimaka.

Matakin farko shi ne ihu, a tara jama'a, wani ya ruga kiran masunta, wani ya buga 112 ko lambar 'yan kwana-kwana. Na biyu, a miƙa masa abu daga tudu: gora, gwangwala, reshe, rawani ko zani da aka warware. Mai miƙawa ya kwanta rub da ciki, ko wani ya riƙe shi, don kada a fizge shi. In ya yi nisa, a jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa. Jarka mai lita 25, in babu komai a ciki kuma murfinta a ɗaure, tana iya ɗaga nauyin da ya kai kilo 25 a ruwa, alhali babban mutum kilo kaɗan yake bukata don hancinsa ya tsaya a sama. A ɗaura mata igiya a jawo shi. Masuntanmu sun daɗe da sanin wannan dabarar, a kan gora suke kwanciya su yi su. In da kwalekwale a kusa, a je da shi, a kamo mutum ta ƙarshen jirgin ba ta gefe ba. Shiga ruwa da jiki shi ne na ƙarshe, kuma aikin gwani ne, shi ma da jarka a hannu, ya tura masa ita maimakon ya miƙa jikinsa.

Jarka tana da iyaka: sai mai hankali a jikinsa da ƙarfin riƙewa. Rigar kariya kuwa ita take riƙe mutum, ko ya gaji, ko ya ruɗe. Amma sai ta zama daidai jiki kuma an ɗaure ta tun a tudu. Rigar babba a jikin yaro zamewa take yi ta kansa, wadda aka ajiye a ƙarƙashin benci kuma babu mai lalubo ta bayan jirgi ya kife.

Bayan an fito da shi

A nan ma muna asarar rayukan da ruwa ya riga ya saki. An saba a danna cikin mutum, ko a ɗaga yaro ta ƙafa a juya shi, wai don ruwan da ya sha ya fito. Ruwan ciki ba shi ne ke kisa ba, rashin iska ne. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska, danna ciki kuma amai yake jawowa ya toshe maƙogwaro. Motar da za ta taso daga Wudil ko Gaya, komai saurinta, ba za ta riski waɗannan mintoci ba. Wanda ke tsaye a wurin shi ne likitan farko.

A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri. A ɗan karkata kansa baya, a ɗaga haɓa, a duba ko yana numfashi. In ba ya yi, a toshe hancinsa, a haɗa baki da baki a hura masa iska sau 5, ana kallon ƙirjinsa yana tashi. Sannan a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji a danna sau 30, da ƙarfi da sauri, kimanin sau 100 zuwa 120 a minti, a sake hura iska sau 2, a koma dannawa. Ƙaramin yaro hannu ɗaya ya isa, jariri yatsu biyu. A ci gaba, ana karɓar juna in an gaji, har ya motsa ko ma'aikacin lafiya ya iso. In numfashi ya dawo, a juya shi ya kwanta ta gefe, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Ko ya tashi yana magana, a kai shi asibiti, domin huhun da ruwa ya shiga yana iya rikicewa bayan 'yan sa'o'i. Wannan aiki karatu kaɗai ba ya isar masa, sai an gwada da hannu a gaban wanda ya iya. Yini guda ya ishi ma'aikacin lafiya ko ɗan agaji ya koya wa masu fito da malaman makaranta na gari guda.

Ƙanana, da 'yan mata

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda ruwa ke ci a duniya ba su kai shekara 5 ba, kuma su ba kogi suke zuwa ba. Rijiya ce marar murfi, ko baho, ko bokitin wanki, ko ramin da aka haƙa don gini ruwan sama ya cika shi. Kan ƙaramin yaro ya fi jikinsa nauyi. In ya leƙa bokiti ya kifa, ba zai iya ɗagowa ba, kuma ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba ya isa.

Ƙasar Bangaladash, wadda ruwa ya fi kowace cuta kashe mata yara ƙanana, ta gano cewa galibi abin yana faruwa ne daf da gida, daga hantsi zuwa azahar, lokacin da uwa take tsakiyar aiki. Sai aka kafa wuraren reno a ƙauyuka, mace ɗaya da mataimakiyarta suna tsare yaran unguwa daga ƙarfe 9 zuwa 1. Manyan yara kuma aka shigar da su wani shiri mai suna SwimSafe: a kafa dandamalin gora a cikin kududdufin gari, a kewaye shi, a koya wa yaro ya yi iyo na mita 25, ya iya tsayawa a kan ruwa, ya iya ceto daga tudu. Binciken da aka buga a 2012 ya nuna haɗarin mutuwa a ruwa ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a tsakanin yaran da suka shiga waɗannan shirye-shirye. Ba da wurin wanka na siminti suka yi ba, da gora da igiya suka yi. Mu da muke da gidan yawa, da kakanni, da makarantar allo, da masuntan da suka iya ruwa tun suna tatata, ba mu da uzurin kasawa. Abu ɗaya za a kiyaye: ruwan da ke kwance yana ɗauke da tsargiya, don haka a zaɓi wuri da shawarar ma'aikatan lafiya, yaron da ya ga jini a fitsari kuma a kai shi a ba shi magani.

Hana yaro zuwa ruwa da bulala ba ya hana shi zuwa. Yana sa shi ne ya tafi a ɓoye, inda babu babba, in abu ya faru kuma abokansa su gudu gida su yi gum don tsoron duka. 'Yan mata kuwa ba a ma kawo zancen koya musu, alhali su ake cika jirgi da su ranar biki da Maulidi, cikin zani da dogon hijabin da kan naɗe ƙafa da hannu a ruwa, wasu da goyo a baya. Mata za su iya koya wa mata a wuri killatacce. Kafin a kai ga haka, su da yara ne farkon waɗanda za a ba rigar kariya, kuma su ne bai kamata a taɓa sa su a sawun cunkoso ba.

Wa zai ce a'a?

Doka tana nan. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ta wajabta rigar kariya, ta hana lodi fiye da kima, ta hana tafiyar dare. Amma jami'inta ba zai tsaya a kowace mahaya daga Toranke zuwa Kunkurawa a ƙasar Ajingi ba. Waɗanda ke wurin kullum su ne mai unguwa, da dagaci, da Sarkin Ruwa, da liman, da shugaban masu fito. Masarautar Gaya, wadda dokar 2024 ta haɗa mata Gaya da Ajingi da Albasu, tana da wannan tsani tun daga hakimi har ƙofar gida.

Abin da ake bukata daga gare su bai fi ƙarfin gari ba. A zauna da masu fito a auna kowane jirgi, a rubuta adadin mutanensa a jikinsa, a ja layin fenti a gefe: in ruwa ya taɓa layin, ba a tashi sai an rage. A tsayar da fito daga faɗuwar rana. Duk mai shirya biki ko ziyarar Maulidi ya sanar tun da wuri, ya biya kuɗin sawu biyu ko uku, a haye da rana, malami ya ƙirga ɗalibansa da kansa. A kafa gora da jarka mai igiya a kowace mahaya da kowane wurin wankan yara. A sa alama a ramukan yashi, a matsa wa duk wanda ya haƙa rami a gefen hanya ya cike shi ko ya kewaye shi. A nemi hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa isar da sanarwar sakin ruwa har ga dagatai, su kuma su sa a yi shela. Liman ya tuna wa jama'a a huɗubar farkon damina cewa wanda ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, umartarsa aka yi ya ɗaure tukuna.

Amfanin wannan duka ɗaya ne: a sauke wa mai fito nauyin da ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba. Saurayi ɗan shekara 20 ba zai iya kallon idon sa'ar mahaifiyarsa ya hana ta shiga ba, in maganar tasa ce. In kuwa ta gari ce, sai ya nuna layin fenti ya ce, "Gwaggo, ba ni na hana ba, dagaci ne, kuma tara za a ci ni." Za ta yi mita, Alhaji zai yi faɗa, wasu za su yi sallar magariba a wannan hayin maimakon wancan. Garin da ya yarda ya jure wannan mitar, ya kuma tsaya bayan mai fitonsa ranar da wani babba ya kai ƙararsa, shi ne zai daina binne 'ya'yansa a jere.